Kano, Neman Kunnen da Ba Ya Kara

Duk wanda ya ji waƙoƙin ɗan yayata, "Masha Allah" yake cewa. Mahaifiyarsa ta faɗa, ƙannensa sun haddace amshin, abokansa na kwaleji kuwa hoton wuta suke jera masa a WhatsApp tun waƙar ba ta kai rabi ba. Shi kuma yaron ba shashasha ba ne. Ya lura idan ya saka tasa bayan ta Nura M. Inuwa ko ta Umar M. Shareef, sai tasa ta dusashe, ta yi nisa, amma ya kasa gano dalili, kuma babu mai gaya masa. Mu mutane ne masu kara. Wanda ya ci tuwon gidanku ba zai dubi ƙwayar idonka ya ce muryarka ta kauce ba.

A soron gidansu da ke Tudun Wadar Zariya yake aikin. Kayansa tsohuwar kwamfutar cinya, makirfo da ya saya na hannu, ɗan akwatin da ke haɗa makirfon da kwamfuta wanda suke kira saunkad, sai iyafis irin na waya. Manhajarsa FL Studio ce, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda tsofaffin hannu har yau suke kira da sunanta na farko, FruityLoops. Bangon soron ya lulluɓe shi da kwalin ƙwai, abin da ya ɗauke shi watanni yana roƙo wajen masu shayi.

"Kawu," ya ce da ni, "ka raka ni Kano. Ina so in ji bakin waɗanda ba su san ni ba."

Lokacin hunturu ne. Muka shiga mota a Kwangila da sassafe, hazo ya rufe gari, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Muna wuce Tashar Yari yaron ya yi ta maza ya roƙi direba ya saka masa waƙa ɗaya a rediyon motar. Direba ya karɓi filas ya soka. Kiɗa na tashi ƙofofin motar suka hau rawa, wani ƙarfe a but ya kama karkarwa, direba ya yi sauri ya rage. Da ya rage kuma sai muryar ta ɓace cikin ƙarar taya da iska. Wata dattijuwa da ke gefena, riƙe da kwandon kaji, ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta juyo ta tambaye ni tsakaninta da Allah: "Ɗan nan, da wane yare yake yi?"

Ba ta san mai waƙar yana gabanta ba. Na ga ƙeyarsa ta sandare. Amma a ganina ko a nan muka juya, kuɗin mota bai tafi a banza ba, don tambayarta ta tona abu biyu. Iyafis ɗin da yake aiki da shi ba ya fitar da kaurin sauti, shi ya sa yake ta ƙara bes har sai ya ji shi a kunnensa, alhali a babbar sifika abin ya zama tsawa. Muryar kuma ya jiƙa ta da eko har baƙaƙen suka narke. Shi da ya rubuta baitin yana jin kowace kalma, domin a kansa take. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a harkar sauti mai ɗaki ne na ƙarshen sani.

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Kura bai ce uffan ba. Ni ma na bar shi, na ci gaba da kallon kwandunan tumatir da aka jere a Kwanar Gafan da gonakin rani da ruwan Tiga ke shayarwa, kore shar a tsakiyar ƙura. Muka sauka a Unguwa Uku, muka tari adaidaita sahu zuwa Titin Gidan Zoo.

Baƙo zai iya wuce wannan titi bai san a nan waƙar Hausa ta zamani take da gindi ba. Ƙasan benayen shaguna ne na kaya da abinci, sai ka hau matattakala mai duhu ka tarar da ofisoshin 'yan fim da situdiyo a jere, kowace ƙofa da kiɗan da ke tsiyaya ta ƙarƙashinta. Tun shekarun 1990 aka faro wannan salo, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo hannun matasan Kano, situdiyon Iyan-Tama na cikin na gaba-gaba. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 kowa ya gane waƙa ce ke sayar da fim. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi da ya haifi waƙoƙin nanaye. Akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jiha da aka kafa a 2001, sai dai ita baiti take tacewa, babu ruwanta da ko sautinka ya fashe.

Situdiyon farko da muka shiga sabo ne ƙal, fitilu masu launi, kujeru masu laushi. Saurayin da ke kan kwamfuta ya saurari kamar rabin minti yana latsa wayarsa, ya ce, "Gaskiya aikin bai yi ba. Kawo ta mu sake ta gaba ɗaya a nan." Ya faɗi farashi. Yaron ya tambaye shi me ya lalace, ya ce, "Komai da komai." Ban zarge shi ba, kasuwa ya fito. Amma "komai bai yi ba" da "masha Allah" uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: duk biyun ba sa nuna maka inda za ka sa hannu.

Na biyun a ƙarshen wani lungu yake, ɗaki ƙarami, kafet ya tsufa. Mai shi ya fara furfura, ya ce tun zamanin kaset yake wannan aiki. Da yaron ya miƙa masa filas sai ya ƙi karɓa.

"Samari, me kake so in saurara?"

"Waƙar, Oga."

"Waƙa ai kowa zai saurara. Murya kake shakka, ko kiɗa, ko haɗin? Ka zo da kwamfutarka? Buɗe min aikin kansa."

Ya kashe duk layukan kiɗa, ya cire eko, ya cire duk wata kwaskwarima, ya bar muryar tsirara. Kunya ta kama yaron, ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Kafin baitin farko ya shigo akwai daƙiƙoƙi da mawaƙin bai fara ba, mutumin ya ƙure sautin wannan wuri ya ce mu kasa kunne. Ga fanka tana juyawa. Ga janaretan maƙwabta. Can nesa ga akuya. A ƙarƙashin duka kuma wani gurnani mara yankewa, wanda ya ce na wutar lantarki ne, domin wutarmu a kan zagaye 50 take kaɗawa a daƙiƙa, kuma idan wayoyin gida ba su da kyau ko caja ta jabu ce, wannan kaɗawa takan bi ta shiga cikin ɗauka. Maganin farko kyauta ne: a cika batir, a zare caja, sannan a ɗauki murya.

Sai ya nuna mana hoton sautin a allo. Inda yaron ya ɗaga murya a amshi, kan igiyar ya daina lanƙwasa, ya zama a shafe kamar layin rula. Ya ce a na'ura akwai rufin da ba a wucewa, shi ne 0 a ma'aunin desibel, duk abin da ya kai can an fille masa kai, kuma ba ya dawowa. "Idan miya ta kama ƙauri," in ji shi, "babu magin da zai fitar da shi." Ya ce ya riƙa ɗauka a kan bit 24, ya rage ƙarfin makirfo yadda ko ya ƙwala ihu allurar ba za ta wuce tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili ba. Yaron ya ce ai sai ta yi ƙasa-ƙasa. Mutumin ya ce ƙara ƙarfi daga baya aikin yatsa ɗaya ne.

Maganar kwalin ƙwai ce ta fi yi masa ciwo. Mutumin ya tafa hannu sau ɗaya a ɗakinsa, tafin ya mutu nan take. Ya ce idan ya koma gida ya gwada a soro, zai ji wani ƙaramin ƙara yana bin tafin. Siminti da tayil suna maido da sauti, ya koma makirfo a makare kaɗan, shi ne abin da ke sa murya ta yi nisa. Kwali ba shi da kauri balle nauyi, ɗan abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, ga shi abincin gobara. Abin da ke shanye sauti shi ne abu mai kauri da laushi: katifa, bargo, labule mai nauyi, durowar kaya a buɗe. Kuma bayan mawaƙi ya fi buƙatar su, tunda can makirfon yake fuskanta.

Ya tambayi nisan da yaron yake tsayawa daga makirfo. Yaron ya gwada da hannu, kusan kamu guda, wai yana tsoron iskar baki. Mutumin ya ce ya matso zuwa taƙi ɗaya, ya ɗan karkatar da makirfon gefen baki, ya sa matatar iska a tsakani, ko da safar mata ce aka ɗaura a zoben waya. Kusanci na sa murya ta rinjayi ɗaki. Ya ƙara da cewa irin makirfon da ya saya, kondensa mai cin wutar bolt 48 daga saunkad, an yi shi ne don ɗakin da aka gyara, yana da saurin kwasar duk wani motsi. A unguwa mai hayaniya gara irin na kan dandamali, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, wanda sai ka manna baki yake jinka sosai. Amma nan take ya ce kada ya sayi komai tukuna. Wannan magana ta sa na yarda da mutumin.

Daga nan aka zo kan Auto-Tune. Ba na cikin masu tsine masa. Kamfanin Antares ne ya fito da shi a 1997, wanda ya ƙirƙiro shi kuma, Andy Hildebrand, a harkar binciken man fetur ya fara sarrafa igiyoyin sauti. An yi shi ne don gyaran ɓoye, sai mawaƙa suka maida shi ado, yau kuwa ya zama launin waƙar Arewa, har ta kai waƙar biki da babu shi sai ta yi wa wasu salam. Matsalar yaron ita ce ya ɗora shi bai gaya masa a wane ma'aunin murya kiɗan yake ba. Na'urar tana da matakai 12 a gabanta, duk wanda muryar ta fi kusa da shi can take jefa ta, ko yana cikin waƙar ko ba ya ciki. Shi ya sa ƙarshen baitinsa ke rawa tsakanin mataki biyu. Mutumin ya laluba fiyano, ya gano matakai 5 kacal karin waƙar ke takawa, kamar yawancin karin waƙoƙinmu, ya toshe sauran. Rawar ta tsaya. Sai dai a wuri biyu muryar ta yi nisa da inda ya kamata har na'urar ta ja ta da ƙarfin tsiya. "Wannan kuma," ya ce, "ba aikin kwamfuta ba ne. Ka sake rerawa."

Dabara ta ƙarshe da ya nuna masa ita ce kwatance. Ya ɗauko waƙar wani fitaccen mawaƙi ya ajiye a layi ɗaya da ta yaron, ya rage ƙarfinta har suka yi daidai, sannan ya riƙa sauyawa tsakaninsu. Ya ce kunne maƙaryaci ne, duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, don haka kwatancen da ba a daidaita ƙarfi ba shirme ne. Da aka daidaita, bambancin ya fito fili, kuma bai kai girman da yaron yake tsoro ba: a waccan muryar tana gaba, kiɗan yana bayanta, ekon ɗan kaɗan ne. Da muka tashi na ciro kuɗi, ya ce in bar shi, in dai yaron zai turo masa gyaran. Ya ja kunnensa kada ya turo ta a matsayin saƙon murya, domin WhatsApp na matse sautin, ya turo ta a matsayin fayil.

Bayan la'asar muka nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Ni na kawo wannan shawara, don a can masu tura waƙa suke, samarin da ke zaune da kwamfuta suna loda wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori. Ba su san desibel ba, amma sun san abin da ake dawowa a nema. Wanda muka samu ya tura waƙar a wayarsa ya kunna a sifikar wayar, cikin ihun kasuwa, yana cinikin gilashin waya da ɗaya hannun. Fiyano ya yi ta zagaye, yaron na ta gaishe da abokai da unguwa. Kafin baiti ya shigo mutumin ya kashe.

"Maigida, yaushe za a fara waƙar? Mai saye ba ya jira. In amshi bai zo da wuri ba, gaba yake yi."

Aka matsa gaba zuwa amshin, sai wani abin mamaki: muryoyin 'yan amshi, waɗanda yaron ya fi alfahari da su, sun kusa ɓacewa. Yaron ya gane dalili kafin ni. Ya yi amfani da wata dabara ta faɗaɗa sauti, wadda ke sa ɓangaren dama da na hagu su saɓa wa juna don a ji amshin ya kewaye kai. A iyafis abin gwanin daɗi. Amma waya mai sifika ɗaya haɗe ɓangarorin biyu take yi, idan suka haɗu kuma sai su cinye juna. Mafi yawan masu saurarensa kuwa a irin wannan waya za su ji shi, ko a 'yar sifikar mai shayi, ko ta adaidaita. A manhajarsa akwai maɓallin da ke haɗe ɓangarorin don gwaji, bai taɓa taɓa shi ba.

A Fagge muka kwana, gidan wani abokina. Bayan isha aka shimfiɗa tabarma a zaure, mahaifinsa ya fito, tsoho mai ran ƙarfe wanda a ƙuruciyarsa ya yi amshi a bayan wani makaɗin kalangu, ya zaga garuruwa da shi. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ce a kashe na'ura, yaron ya rera da baki. Ya rera. Tsohon ya ce ya sake, yana buga cinyarsa a hankali. A tsakiyar ɗango na uku ya ɗaga hannu.

"Jikana, ina za ka da sauri haka? Ka cusa magana ta fi ƙarfin karin. Ka ga nan numfashinka ya ƙare, sai ka haɗiye ƙarshen kalma. Kuma wannan kalmar ba ita kake nufi ba, don ta yi amsa-amo ka jawo ta."

Daidai wuraren nan biyu ne na'ura ta kasa gyarawa da rana. Mutumin situdiyo ya ga alamar, tsohon ya gano cutar. A kwamfuta yaron yana ɗaukar layi ɗaya ya tsaya ya huta ya ɗauki na gaba, don haka bai taɓa sanin baitinsa ba ya rerawuwa a numfashi ɗaya ba. Tsohon ya ce su a zamaninsu fili ne ke gyara mawaƙi: in ka yi baiti 'yan amshi suka yi tuntuɓe wajen karɓa, ko mata suka ci gaba da hirarsu, ka san ba ka yi ba, gobe sai ka sauya. Ya kawo misalin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yadda yakan bar wa kalangu da amshi fili su yi nasu, da Ɗan Maraya Jos da ya riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Har nan ina tare da shi. Amma da hira ta yi daɗi sai ya zarce, ya ce a jefar da fiyanon, wai kiɗan aljanu ne, a nemo kalangu na gaske. Yaron ya ce, "To, Baba," cikin ladabi, na kuma san ba zai yi ba. Bai kamata ma ya yi ba. Tsohon gwani ne a kan numfashi da zaman kalma, a kan fiyano kuwa ra'ayi kawai yake da shi irin na kowa.

Wannan tankaɗe shi ne aikin da ya rage wa mai waƙa, kuma a motar komawa ya yi shi, littafi a cinya. Abin da mutum biyu da ba su san juna ba suka taɓa, ya ja masa layi: kalmomi ba sa fita, ɗango na uku. Abin da aka nuna masa da ido ko aka jiyar da shi da kunne, shi ma ya ja masa layi. Abin da ya zo da farashi a bayansa ya tsallake. Gaishe-gaishen farkon waƙa ne suka tsaya masa a rai, don ya riga ya yi wa abokai alkawari. Na ce ya maida su ƙarshe, wanda ya ji sunansa zai zo ai zai jira.

Sake ɗaukar a ɗakin mahaifiyarsa aka yi ta, bayan dogon lallashi, tsakanin durowa da katifar da aka jingine a bango, da tsakar dare bayan maƙwabta sun kashe inji, fanka a tsaye. Sa'arsa hunturu ne, da bazara ce da ya gane kurensa. Ya zubar da kalmomi huɗu daga ɗango na uku, ya rage eko zuwa kusan babu, ya gwada a waya, a rediyon kicin, da motar wani maƙwabci, sannan ya tura Kano.

Amsar ta zo washegari, gajera, babu ko "masha Allah" a ciki. Mutumin situdiyon ya ce yanzu ana jin magana. Ya ce a minti 1 da daƙiƙa 12 harafin "s" yana yanka kunne tunda ya matso kusa da makirfo, ya ƙara karkatar da shi. Ya ce gangar da ke shigowa a amshi na biyu ta riga murya da ƙiris. Sannan ya tambaya ko yana da wata waƙar, don wannan ta kai inda za ta kai, kada ya shekara a kanta.